Ƙafar da Take Jin Hausa

Maƙwabcina direba ne, kuma tun da na tare a layinmu, shekara goma sha tara ke nan, ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Birki. Katangarmu ɗaya, famfon da muke ɗiban ruwa ɗaya, kuma idan ya yi atishawa a tsakar gidansa nakan ji daga ɗakin da nake ajiye littattafaina. Saboda haka abin da zan rubuta game da shi ba a bakin hanya na tsinto shi ba. Yawancinsa a gaban idona ya faru, ragowar kuwa shi da maiɗakinsa ne suka ba ni labari, kowannensu ta inda ya fi yi masa daɗi.

Yana da shekara ashirin da biyu ya fara jan ƙaramar bas a cikin gari, irin mai kujera goma sha takwas ɗin nan da ake cusa wa mutum ashirin da huɗu. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana wannan aiki, kuma a cikinsa ya sami sunan da ya bi shi. A waccan mota, duk fasinjan da ya iso inda zai sauka kalma ɗaya yake faɗa: “Akwai!” Lokacin da nake koyarwa na sha gaya wa ɗalibai cewa wannan kalma ba ta cika jimla ita kaɗai, sai an faɗi abin da yake akwai ɗin. To, amma fasinjoji sun daɗe da yanke mata wutsiya. “Akwai mai sauka” ta koma “akwai”, kuma babu direban da bai san abin da ake nufi ba. Sauran direbobi sukan ji, su duba madubi, su gangara can gaba inda ya yi musu. Shi kuwa kafin mutum ya rufe baki ya riga ya taka birki. Zai ajiye ka a ƙofar gidanka, ko a bakin shagonka, ko a gindin bishiyar da ka nuna da haɓa. Tsofaffi da masu goyo sukan bar mota uku ta wuce don su jira tasa. Masu motocin da ke bin bayansa kuwa, ba zan rubuta irin sunayen da suke kiransa da su ba.

Motar tasa tana da hayaƙi. Idan ya tayar da ita da safe, sai na rufe tagata har ya fice daga layin. Ya yi shekaru yana fama da wani busasshen tari wanda bai taɓa yarda cewa daga motar yake ba, maiɗakinsa kuma takan ce wuyan rigarsa kaɗai yana cinye mata rabin sabulu.

Bara waccan aka kawo sababbin motoci a babban titin da ya ratsa garin daga kasuwa zuwa asibiti har ya wuce. Dogaye ne, kowace tana ɗaukar mutum saba'in, da lantarki suke aiki, a gareji ake yi musu caji, ba su da hayaƙi kuma ba su da ƙara, har makafi suka yi ƙorafin cewa ba sa jin zuwansu sai da aka sa musu wata 'yar ƙararrawa. Aka ware musu gefen titi nasu na kansu, aka gina tashoshi masu rumfa da benci, aka hana ƙananan bas bin wannan hanya. Kamfanin da ke tafiyar da su ya yi shela cewa tsofaffin direbobi su zo a gwada su. Birki yana da shekara arba'in da tara a lokacin, da 'ya'ya biyar, babbarsu tana makarantar koyon jinya, kuma bai iya wata sana'a ba. Ya sayar da tsohuwar motarsa ga wani mai kai kaya ƙauye, ya je ya rubuta sunansa.

Tuƙin bai ba shi wahala ba. Cikin mako biyu ya iya juya doguwar motar kamar a cikinta aka haife shi. Aka ba shi riga da hula, aka ce zai yi wata uku na gwaji kafin a tabbatar da shi. Mai kula da direbobin wata matashiya ce wadda suke kira Agogo a bayan idonta, domin ba ta taɓa cewa “wajen ƙarfe bakwai” ba, sai dai “bakwai saura minti huɗu”. Ita ce ta zaunar da shi a ofis ta karanta masa doka: ba a tsayawa, ba a buɗe ƙofa, sai a tasha. Mai son sauka ya danna jan maɓallin da ke jikin ƙarfen riƙewa. A cikin motar akwai na'urar da ke sanar da ofis duk inda aka tsaya. Gargaɗi uku a lokacin gwaji, an sallami mutum.

“Ranki ya daɗe,” in ji Birki, “to idan tsohuwa ce fa, ga ƙofar gidanta muna wucewa?”

“Baba, mutum saba'in ka ɗauko. Ka tsaya wa ɗaya, ka tsayar da sittin da tara. Mai mota ba zai bar motarsa a gida ya shigo tamu ba sai ya tabbata ƙarfe nawa za mu zo, ƙarfe nawa za mu kai shi. In ya bar ta a gida, cunkoso ya ragu, hayaƙi ya ragu, tsohuwar taka ma ta shaƙi iska mai kyau. Kuma ka tuna, minti bakwai a bayanka akwai...”

Nan take ta ji wani abu ya bugi ƙasan teburin. Ta leƙa.

“Baba, mene ne wannan?”

“Ba komai, ranki ya daɗe. Ƙafata ce.”

Gargaɗin farko ya zo a kwana na shida. Wata mata mai kaya niƙi-niƙi ta ce “Akwai!” a tsakanin tashoshi biyu, kuma bai farga ba sai da ya ga ƙofa a buɗe, matar tana sa masa albarka daga bakin titi. Na biyun ya fi ciwo. A mako na biyar ne, mota cike da ma'aikata da safe, sai wani mutum a bayansa ya ce da ƙarfi, “Akwai!” Birki ya taka, jama'a suka yi gaba suka dawo, ƙofa ta buɗe, babu wanda ya motsa.

“Wa zai sauka?” ya tambaya.

Mutumin ya janye waya daga kunnensa. “Sauka kuma? Matata ce take tambaya ko makullin gida yana aljihuna.”

Ranar da la'asar ya shigo gidana riƙe da takardar gargaɗi, ya zauna a bakin baranda bai ko cire hula ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Malam, saura ɗaya,” ya ce. “Na sayar da motata. In suka kore ni, me zan ce wa yarinyar nan da ke makaranta? Wallahi kaina ya san dokar nan sarai. Ƙafar ce take jin Hausa, kuma ba ta shawara da ni.”

Na ce masa abin da aka koya ana iya sake koyonsa, sai dai a yi haƙuri. Washegari muka fara. Muka ajiye kujera biyu a tsakar gidansa, ɗaya a gaban ɗaya, muka sa guntun katako a kan bulo ya zama birki, shi a gaba riƙe da murfin tukunya, ni a baya da littafin rubutu. Dabarata ita ce ya koyi jiran ƙarshen jimla. Na rubuto jimloli arba'in, ina karantawa a hankali.

“Akwai zafi yau.”

Katako ya ce ƙwas.

“Akwai magana tsakanina da kai.”

Ƙwas.

“Birki, ka jira mana ka ji abin da yake akwai ɗin.”

Ƙwas, ƙwas.

Yaransa suka kwanta a ƙasa don dariya. Kwana tara muna wannan karatu, kuma ya sami ci gaba, har ya kai yana jin jimla ashirin ƙafarsa ba ta motsa ba. Amma dabarar tawa tana da rami, kuma maiɗakinsa ce ta gano shi. Tana zaune tana gyaran kayan miya a gefe, sai kawai ta ɗaga kai ta ce “Akwai!” ta yi shiru. Birki ya jira ƙarshen jimla, bai zo ba, sai ya taka katakon har bulon ya kife.

“Malam, ka gafarce ni,” ta ce, “amma fasinja ba ya ƙarasa jimla. Ni a ganina, Baban yara mutum ne da ba ya iya jin an kira shi ya ƙi amsawa. Shekara ashirin da bakwai ƙafarsa ce take amsa masa. Ku ba bakinsa abin faɗa, ya riga ta.”

Na rufe littafina, domin gaskiyarta ta fi tawa. Muka zauna mu uku muka tsara amsar, gajeriya kuma mai ladabi: “Na ji, tasha tana gaba.” Daga ranar gidan ya zama makaranta. Yana alwala a ce masa akwai, yana cin abinci a ce masa akwai, autarsu takan laɓe a bayan ƙofa ta ƙwalla masa, shi kuma ya amsa da lomar a bakinsa, “Na ji, tasha tana gaba.” Har ni ma ya taɓa ba ni wannan amsa ta kan katanga, ranar da na ce masa akwai wasiƙarsa a wurina.

Abin ya yi aiki. Mako shida suka wuce babu gargaɗi. Fasinjoji suka saba da shi, wasu matasa ma sukan faɗi kalmar da gangan don su ji ya amsa, a yi dariya. Tarin nan nasa ya lafa har na daina jinsa da asuba, na kuma daina rufe tagata. Ni kaina na zama ɗan gida a motocin, domin asibitin da ake duba mini ido yana kan hanyar, kuma tafiyar da a da take cin awa guda ta koma minti ashirin da biyar. Abu ɗaya ne ya dame ni, wato allon da suka manna a saman ƙofa mai cewa “Ba'a tsayawa sai a tasha”. Na rubuta wa kamfanin cewa “ba a” kalma biyu ce, kuma sun gyara.

Ana saura kwana huɗu gwajinsa ya cika, ranar Laraba da hantsi, na shiga motarsa daga asibiti. A tashar kasuwa sai ga surukarsa ta shigo, wato mahaifiyar maiɗakinsa, wadda duk muke kira Inna. Tsohuwa ce mai shekara saba'in da 'yan kai, gajeriya, mai kaifin ido da kaifin harshe, kuma Birki bai taɓa haɗa ido da ita ba tun ranar da ta ba shi 'yarta. Daga baya ta gaya mini cewa mota biyu ta bari suka wuce, don tana so ta ga mijin 'yarta cikin rigar aiki. Ya gan ta a madubi, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta, ta amsa, wani saurayi ya tashi ya ba ta kujerar da ke bayan direba, ta zauna ta ɗora jakar cefane a cinya.

Sai a lokacin na tuna inda gidanta yake. Bakin lungunsu yana tsakanin tashar gidan waya da tashar makaranta. Shekara ashirin Birki yana sauke ta a daidai wannan wuri, wani lokaci ma ya karya kan motar ya shiga lungun da fasinjoji suna gunaguni.

Muka bar tashar gidan waya. Ga shagon mai gyaran takalmi, ga bishiyar da ke bakin lungun. Inna ta gyara mayafi, ta kama jakarta.

“Akwai.”

Na ji motar ta yi sanyi, kamar mutumin da ya ɗaga ƙafa zai taka matakala ya fasa. Ina kallon ƙeyarsa, gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin hula. Amsar da ya faɗa sau dubu ta maƙale, domin ba a taɓa jin ya mayar wa Inna magana ba. Can sai wata siririyar murya ta fito, wadda ban san yana da ita ba.

“Inna, ki gafarce ni. Na ji. Tasha tana gaba.”

“Akwai na ce. Ko injin ne ya toshe maka kunne? Ai na ji an ce motar ba ta da ƙara.”

“Na ji, Inna. Ba dama ne.”

Bishiyar ta wuce. Wani mai sayar da tabarau da ke tsaye kusa da ƙofa ya ce, “Direba, mahaifiyarka ce?”

“Surukata ce.”

Motar ta ɗauki “Kai!” gaba ɗaya. Wata mata ta tafa hannu ta ce yau ta ga namiji. Wani dattijo ya ce zamani ya lalace. Mai tabarau ya ce, “Direba, in ka tashi aiki kada ka koma gida, zo ka kwana a shagona.” Wani daga can baya ya ɗaga murya, “Hajiya, ki karɓe 'yarki kawai, ina da ƙane mai babur, ko'ina yake tsayawa!” Inna ba ta kalli kowa ba. Ta miƙe zaune tana duban gaba, leɓɓanta a tsuke.

A tashar makaranta motar ta tsaya daidai kan farin layi, ƙofa ta buɗe. Birki ya ce, “A sauka lafiya, Inna.” Ta sauka abinta. Ba nan ce tashata ba, amma na sauka tare da ita, na karɓi jakar, muka juyo da ƙafa. Na yi mata magana sau biyu ba ta tanka ba, sai na lura bakinta yana motsi. Da muka isa gindin bishiyar ta tsaya, ta karɓi jakarta.

“Taki ɗari biyu da goma sha huɗu, Malam,” ta ce. “Ka gaya masa na ƙirga.”

Da ya tashi aiki da yamma bai ko ci abinci ba. Ya ɗauki maiɗakinsa, ya roƙe ni in raka su, muka tafi. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ita, ya yi gaisuwa. Ta amsa wa 'yarta, ta amsa mini, shi kuwa ta bar shi a durƙushe har ta gama tsintar. Sannan ta dubi 'yarta.

“Ke, tambayi mijinki, da ya tsaya me za a yi masa?”

“Korarsa za a yi, Inna. Gargaɗi ɗaya ya rage masa.”

“A kan tsayawa ɗaya?”

“Ɗaya tak.”

“Shi ne ba wanda ya gaya mini? Kuka bar ni ina ta ihu a gaban mutane kamar mai tallan gawayi?” Ta ture farantin gefe. “To da an kore shi, ina za ki kwaso yara biyar ki kai? Nan? Ɗakina ɗaya ne, kuma ina son barcina.” Sai a lokacin ta juya wajensa, ko da yake ba ta dube shi ba. “Tashi, kai kuma, gwiwarka za ta yi ciwo gobe ka kasa tuƙi. Amma ka sani ban huce ba. Wancan da ya ce yana da ƙane mai babur, ka nemo mini shi.”

Maiɗakinsa ta toshe baki da mayafi. Birki ya ce, “To, Inna,” da iyakar gaskiyarsa, kuma wannan ne ya sa tsohuwar ta kasa riƙe dariyarta.

Ranar Litinin Agogo ta kira shi ofis. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta nuna inda layin gudun motarsa ya ɗan lotsa.

“Baba, ranar Laraba, sha ɗaya da minti goma sha biyu, tsakanin gidan waya da makaranta. Motarka ta yi shakka.”

“Ta yi, ranki ya daɗe.”

“Me ya faru?”

“Surukata ce ta ce akwai.”

Agogo ta ajiye biro. “Kuma ka wuce?”

“Na wuce.”

“Ni da kaina ban san ko zan iya ba,” ta ce. Ta jawo takardar tabbatarwa daga aljihun tebur, ta sa hannu, ta miƙa masa. “Shakka ba ta cikin dokar. Gobe shida da rabi, mota ta goma sha ɗaya.”

Ya kawo mini takardar in karanta masa, duk da cewa ya iya karatu, ya ce yana so ya ji ta da muryar malami. Na karanta masa ita sau biyu a baranda, babbar 'yarsa tana saurare ta waya daga makaranta. Yanzu shekararsa ta biyu ke nan a mota ta goma sha ɗaya, kuma idan aka ɗauki sababbin direbobi daga ƙananan bas, wurinsa ake fara tura su su zauna mako guda.

Inna kuwa ba ta bar maganar ba. Ta tara tsofaffin lungunsu su goma sha shida, suka zo na rubuta musu takardar neman a yi tasha a bakin bishiyar, kowace ta dangwala yatsa. Watan jiya an ga Agogo a wurin da ma'aikata biyu suna awo, Inna tana tsaye a kansu tana nuna musu inda rumfar za ta fi samun inuwa.